Pesewa 28 a kan kowane kara: ina rabon mai son daina taba?

Tun shekarar 2023 dokar haraji ta Gana ta ɗora pesewa 28 a kan kowane karan sigari, ban da kashi 50 cikin 100 na ƙimar kayan da ake karɓa daban. Mutumin da ke shan kara goma a rana, ko direban torotoro ne, ko mai gadi, ko telan da ke kwana a kan keke idan salla ta matso, yana zuba wa gwamnati sidi 2 da pesewa 80 kullum ta wannan ƙofa kaɗai. Kafin shekara ta zagayo ya biya fiye da sidi 1,000. Ba a ba shi rasit, shi ma bai san yana biya ba, don kuɗin a cikin farashin kara suke. Amma ranar da tari ya ishe shi ya ce zai daina, sai a tambaye shi inda zai nufa a taimake shi. A tare mashaya goma a Nima ko Mamobi ko Sabon Zango a yi musu wannan tambaya, da wuya a sami ɗaya da zai nuna ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Yaƙin da ake yi da taba a ƙasar nan, yawancinsa da sadakar mutanen waje ake yin sa, alhali kuɗin da suka fi cancanta a yi shi da su kullum suna shiga baitulmali daga aljihun mashaya. Ni a ganina a ware wani kaso na harajin taba, a rubuta shi a doka, a mayar da shi wajen hana yara farawa da taimakon manya su daina. Sadaka tana da gurbinta, zan zo kansa, amma bai kamata a ce ita ce ke ɗauke da kayan duka ba.

A takarda dai Gana ba ta da abin kunya. Tun 1982 gwamnati ta hana tallar taba, lokacin da ƙasashe da yawa ba su ma fara tunanin haka ba. A 2004 ta amince da yarjejeniyar yaƙi da taba ta Hukumar Lafiya ta Duniya, tana cikin na farko-farko, kafin yarjejeniyar ta fara aiki a 2005. A 2012 aka yi Dokar Lafiyar Jama'a mai lamba 851, wadda ta hana shan taba a wuraren taruwar jama'a sai inda aka keɓe, ta hana sayar wa yaron da bai kai shekara 18 ba, ta hana kamfanonin taba ɗaukar nauyin wasanni da bukukuwa, ta kuma yi maganar wayar da kan jama'a da jinyar wanda taba ta kama. A 2016 aka fitar da ƙa'idojin aiwatar da ita, a 2018 kuma hotunan gargaɗi suka hau kwalaye. Ko masana'antar sigari ba mu da ita tun da aka rufe ta Takoradi a 2006. Abin da ake sha yanzu shigo da shi ake yi.

To amma doka ba ta da ƙafa, sai an ɗauke ta an kai ta lungu. An hana sayar da sigari kara ɗai-ɗai, kuma kowa ya san kara ɗai-ɗai ake sayar da ita a kusan kowane kiyos da teburin mai shayi daga Nima har Ashaiman. Wanda ya sayi kara ɗaya ba ya ganin hoton ruɓaɓɓen huhun da aka sha wahala aka ɗora a kwali, don kwalin yana hannun mai sayarwa. Yaro ɗan shekara goma da aka aika ya sayo wa kawunsa, ba wanda ke tambayar shekarunsa. Na taɓa ce wa wata dattijuwa mai kiyos a unguwarmu, “Mma, kin san an hana sayar da kara ɗai-ɗai?” Ta ce, “Ɗana, wa ka gani a nan da zai sayi kwali guda? In na ƙi, na gabana zai sayar, ni kuma in rasa har mai sayen ashana da alewa.” Ba ta yi ƙarya ba. Kafin wannan doka ta yi aiki sai an sami ma'aikacin Hukumar Kula da Abinci da Magunguna da zai zaga, da motar da zai hau, da man da za a zuba mata, da wanda zai zauna da masu kiyos ya yi musu bayani da harshen da suke ji, kuma ya dawo wata mai zuwa. Duk waɗannan kuɗi ne, kuma kuɗi ne na kullum.

Wa ke biya a yanzu? Michael Bloomberg, attajirin nan da ya taɓa zama magajin garin New York, ya fara zuba kuɗi a yaƙi da taba a ƙasashe masu tasowa tun wajen 2006, kuma abin da gidauniyarsa ta ware ya haura dala biliyan ɗaya da rabi. A 2008 Bill Gates ya shigo shi ma, Afirka na cikin inda ya mai da hankali. Ƙungiyoyinmu na cikin gida, irin su haɗakar masu yaƙi da cututtukan da ba a ɗauka, da tallafin waje suke yawancin aikinsu. Hatta binciken da ya gaya mana irin asarar da taba ke jawo wa Gana, a ƙarƙashin wani shiri aka yi shi wanda Birtaniya da Norway da Ostireliya suka ɗauki nauyinsa. Ba na raina wannan ko kaɗan. Ba don matsin lambar waɗannan ƙungiyoyi ba, ina shakkar ko harajin 2023 ɗin da na fara da shi zai samu shiga. Allah ya saka musu.

Sai dai kayan aro ba ya rufe katara, kuma 2025 ta nuna mana haka ƙarara. A watan Janairu gwamnatin Amurka ta ba da sanarwar ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya, ta kuma dakatar da tallafin da take bayarwa ta hukumar USAID. Nan take Gana ta wayi gari da giɓin kimanin dala miliyan 156, kusan rabinsa a harkar lafiya, har Shugaba Mahama ya umarci ministan kuɗi ya nemo yadda za a cike shi. A cikin Amurkar kanta, ofishin yaƙi da taba na hukumarsu ta daƙile cututtuka yana cikin waɗanda aka rushe a watan Afrilu. Idan maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙanjamau za su iya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi don an canja gwamnati a wata ƙasa, me zai hana yaƙi da taba tsayawa ranar da wani attajiri ɗaya ya canja ra'ayi, ko magadansa suka ga wani abin ya fi?

Akwai kuma abin da kuɗin waje ba sa iya yi ko da suna nan. Mai ba da tallafi yana son aikin da ke da farko da ƙarshe: a yi bincike, a rubuta rahoto, a gyara doka, a rufe littafi bayan shekara biyu ko uku. Kuma yana da hujja, don gyaran doka ɗaya yana shafar miliyoyin mutane a kan kuɗi kaɗan. Amma ba ya biyan albashin nas ɗin da za ta zauna da mashayi yau da gobe da jibi, ba ya sayen magani shekara da shekaru. Shi ya sa abin da ido ke gani na yaƙi da taba a Akra shi ne taro a otal, da jawabi da Turanci, da riguna masu rubutu da maci ranar 31 ga Mayu, ranar da duniya ta keɓe don wannan. Kashegari mai gadin da ya kwana yana zuƙa don kada barci ya ɗauke shi bai ma san an yi ba.

Akwai kuɗi na uku da ya kamata mu yi hattara da su, mu mutanen zango musamman, tunda mun saba a zo mana da kyauta muna godiya ba mu tambayi asalinta ba. A 2017 kamfanin Philip Morris, mai sigarin Marlboro, ya ba da sanarwar zai riƙa ba wata gidauniya dala miliyan 80 a shekara don wai a kawo ƙarshen shan taba a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba za ta yi aiki da ita ba, ta kuma shawarci gwamnatoci su guje ta. Yarjejeniyar da Gana ta sa wa hannu tana da sashe na musamman, na 5.3, da ya wajabta kare manufofin lafiya daga hannun kamfanonin taba. Dalilin a fili yake. Kamfanin da ya gina maka rijiyar burtsatse ko ya ba 'ya'yanka tallafin karatu ya sayi bakinka, ranar da za a yi maganar ƙara haraji kai ne za ka fara cewa a yi a hankali. Idan wata ƙungiyar matasa ko kwamitin masallaci suka sami tayin irin wannan, ko ta hannun dillali ne, amsar ita ce a'a, ko da kuwa kwatar unguwa ta cika.

Na san abin da masu hankali za su ce, don an faɗa mini. Za su ce Gana na cikin ƙasashen Afirka da shan sigari ya fi ƙaranci, manyan da ke sha ba su kai biyar cikin ɗari ba, mata kuwa ƙalilan ne ƙwarai. Ga zazzaɓi, ga mata masu mutuwa wajen haihuwa, ga masu ciwon ƙoda da ke layin wankin jini a asibitocin Korle Bu da Komfo Anokye. Don me za a ɗauki kuɗi a kai wa abin da mutum ya jawo wa kansa?

Ƙarancin gaskiya ne, amma bai hana binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da Ma'aikatar Lafiya gano cewa taba na kashe 'yan Gana fiye da 6,700 a shekara ba, kuma asarar da ta jawo a 2019 ta kai sidi miliyan 668, tsakanin kuɗin jinya da aikin da ciwo ya hana. Cikin waɗanda ke mutuwa akwai waɗanda ba su taɓa kunna kara ba. Duk wanda ya san gidan haya a Nima, ɗaki ɗaya da miji da mata da yara huɗu, taga ɗaya ƙarama da ke kallon bangon maƙwabci, ya san hayaƙin maigida ba nasa ba ne shi kaɗai. Sa'annan ƙarancin bai rabu daidai ba: ya fi yawa a cikin maza matalauta da ba su yi nisa a boko ba, ya fi yawa a arewacin ƙasar, wato dai mutanen da ke cika zangunanmu. Kuma ba sigari kaɗai ba ce. Tsofaffinmu da ke cusa taba gari a baki ko su shaƙa a hanci, ba wanda ke lissafa su a mashaya, su ma ba sa ɗaukar kansu haka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shisha. Binciken da aka yi a kan 'yan makaranta a 2017 ya nuna cewa a Gana 'yan mata sun fi samari shan ta. A al'ummar da mace ba za ta taɓa yarda a gan ta da karan sigari ba, yau tana zaune a wurin biki ko gidan shaƙatawa tana zuƙar tiyo, ana ɗaukar ta a waya ana ɗorawa a TikTok, don an gaya mata 'ya'yan itace ne kuma ruwa yana tace shi. Ruwan ba ya kawar da gubar, sai dai ya sanyaya hayaƙin, abin da ke sa a zuƙa da zurfi. Taba ce aka jiƙa da zaƙi da ƙamshi, ga kuma hayaƙin gawayin da ke kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da faɗin cewa zaman shisha na awa ɗaya na iya sa mutum ya shaƙi hayaƙin da yawansa ya ninka na kara ɗaya sau ɗari ko fiye. Kenya da Ruwanda sun haramta ta tun 2017, Mali da Kamaru suka bi a 2022. Mu kuwa a wasu majalisun samari tukunyar shisha ta zauna kusa da butar ataya kamar dama can tare aka halicce su. Ƙari a kan haka ga sigarin lantarki mai ɗanɗanon alewa da ake sayarwa ta intanet. Kunyar da ta tsare mu daga sigari shekara da shekaru ba ta san waɗannan ba. Ƙasar da yawancin mutanenta matasa ne, kuma kamfanonin da kasuwarsu ke raguwa a Turai suna hangen ta, hana adadin hawa ya fi mata araha nesa ba kusa ba a kan sauko da shi bayan ya hau.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, kuma ita ce ta fi ba ni wahala. Ana cewa: ware kuɗi a doka abu ɗaya ne, sakin su wani abu ne daban. Mun ga yadda wata doka ta 2017 ta sa wa kuɗaɗen da aka keɓe iyaka, har wani ɓangare na harajin inshorar lafiya, kashi 2.5 ɗin nan da kowa ke biya a kan kaya, ya riƙa tafiya wasu hidimomi, asibitoci kuma suna kukan bashi. A shekarar ce aka yi dokar Asusun Raya Zango, kuma kowa a cikinmu yana da abin da zai faɗa a kan abin da ya gani da wanda bai gani ba. Ba mu kaɗai ba ne. A 1998 kamfanonin taba a Amurka suka amince su biya jihohi 46 kimanin dala biliyan 206 cikin shekara 25, amma abin da jihohin ke kashewa a yaƙi da taba daga waɗannan kuɗi da harajin taba kimanin kashi 3 ne kawai cikin 100. Sauran ya tafi cike giɓin kasafi.

Duk da haka akwai inda aka yi kuma ya zauna. Tailan a 2001 ta ɗora ƙarin kashi 2 cikin 100 a kan harajin taba da giya, kuɗin suna tafiya kai tsaye zuwa wata gidauniyar inganta lafiya mai hukumarta, ba sa bi ta babban asusun gwamnati balle a tsakure su, kuma tana nan tana aiki har yau. Filifin a 2012 ta ƙara harajin taba da giya ta zuba mafi yawan ƙarin a harkar lafiya, miliyoyin matalauta suka shiga inshora. Mu ma a 2025 an cire wa harajin inshorar lafiya wancan takunkumi, abin da ke nuna cewa in an so ana iyawa. A shekarar aka kafa asusun jinyar cututtuka masu tsada, wanda ake kira Mahama Cares, don masu ciwon daji da ƙoda da zuciya. Abu ne mai kyau. Amma mun yarda mu biya dubban sidi a kan mutum bayan ciwo ya kwantar da shi, ba mu yarda mu kashe ɗaruruwa a kansa lokacin da yake tsaye da ƙafarsa yana cewa a taimake shi ya daina ba. Wannan lissafi bai yi ba. Darasin da na ɗauka daga Amurka da dokarmu ta 2017 shi ne a rubuta kason a sarari, a hana tsakurarsa, a wajabta buga abin da ya shigo da abin da ya fita kowace shekara.

Masu cewa harajin taba talaka yake ci, sun yi gaskiya, kuma hujjarsu tawa ce. Tsadar ce ke sa yaro ya fasa farawa, talaka ya rage. An ƙiyasta cewa ƙarin kashi 10 a farashi na rage sha da kimanin kashi 5 a ƙasashe irin namu, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ke son haraji ya kai kashi 75 na farashin kwali. Amma wanda ya kasa dainawa, daga kuɗin cefane yake cirewa ya biya. Idan gwamnati ta karɓa ba ta mayar masa da komai ba, to ta zama abokiyar cin ribar jarabarsa. Batun fasa-ƙwauri kuwa, masu bincike daga jami'ar KNUST ta Kumasi sun tarar kusan kwali ɗaya cikin biyar da ake sayarwa ba ta halattacciyar hanya ya shigo ba, da yawa daga Togo. Maganin wannan yana Aflao da sauran iyakoki, wajen jami'an kwastan da tambarin haraji, kuma shi ma aiki ne da kuɗin taba za su iya biya.

Me kuɗin za su saya? Nan ne nake ganin ba a fahimci mashayi ba. A zango shan taba abin kunya ne. Mutum yana laɓewa a bayan gida ko bakin kwata ya sha, ya tauna goro ko ya tsotsi alewa kafin ya shiga sahu. Wannan kunya ta yi mana amfani, ita ce ta hana abin yaɗuwa, amma ita ce kuma ke hana wanda ya faɗa ciki buɗe baki. Muna ɗaukar abin rashin tarbiyya ne kawai. Alhali sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan da zuƙa, kuma bayan shekaru jiki yana saba masa har ya zama in babu shi sai fushi, da ciwon kai, da rashin barci, da kasa tattara hankali. Kwanakin farko su ne masu tsanani, abin yana sauƙi cikin makonni. Yawancin masu ƙoƙarin dainawa da ƙarfin zuciya kaɗai suna komawa, wasu sau da yawa, kafin su dace. Shawarar ma'aikacin lafiya tare da magani tana ninka damar dacewa. Cingam da filasta masu ɗan nikotin suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2009, a 2024 kuma hukumar ta fitar da ƙa'idar jinyar masu son dainawa. A shiga kyamis a unguwanninmu a tambaya. In an samu ma, kuɗinsu ya fi ƙarfin wanda ke sayen kara ɗai-ɗai. A sa su cikin magungunan da katin inshora ke biya. A koya wa nas da ke gwada hawan jini ta tambayi kowane majinyaci ko yana sha, ta kuma san abin da za ta ce in ya amsa. A buɗe layin waya na kyauta da mutum zai kira a ɓoye a amsa masa da Hausa ko Tuwi ko Ga ko Dagbani. Wanda ya daina, cikin shekara ɗaya haɗarin ciwon zuciyarsa yana raguwa da kusan rabi.

Kuma muna da wata dama da masu tsara shirye-shirye a ofis ba sa gani. Kowace shekara, a watan azumi, mashayin da ke rantsuwa ba zai iya awa biyu babu kara ba yana yin awa goma sha uku ko fiye bai kunna ba, kwana 29 ko 30 a jere. Rabin aikin ya riga ya yi da kansa. Abin da ke faruwa shi ne ana kiran magariba, kafin ma kunu ya huce, ya zagaya baya ya rama. Da a ce akwai ma'aikaciyar lafiya da ke zama a harabar masallaci bayan tarawi, da magani a hannu na wanda ya yi niyya, da limamin da zai ce daga kan mumbari, “Wanda ke son dainawa ya zo, ba za a tona masa asiri ba,” da an ga abin mamaki. Malamai sun yi saɓani tun da daɗewa ko taba haramun ce ko makaruhi, kuma ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Amma na taɓa jin wani magidanci ya ce wa malaminsa, “Allah gafarta Malam, hukuncin na san shi tun ina yaro, yadda zan bari ne ban sani ba.” Wa'azi ya kai shi bakin ƙofa, babu wanda ya buɗe masa.

Nan ne gurbin sadakarmu. Mutanen zango ba marowata ba ne. Muna gina masallatai, muna haƙa rijiyoyi, muna ciyar da masu azumi, 'yan'uwanmu da ke Amurka da Jamus da Italiya da Saudiyya suna turo kuɗi ta waya duk lokacin da aka yi kira. Babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021, da taimakon mutanen Turkiyya ya tashi. Amma sadakarmu tana son abin da za a kafa wa allo a rubuta suna. Ban taɓa jin an tashi a taron maulidi ko wurin suna an ce a tara kuɗi a saya wa magidanta ashirin maganin daina taba ba, alhali uban da ya daina ya mayar wa gidansa kuɗin cefane, ya kuma tsare ƙirjin 'ya'yansa. Ƙungiyar unguwa za ta iya biyan rabin awa a rediyo a yi bayanin shisha da Hausa, da bakin wata 'yar unguwa da 'yan mata za su saurara. Matan adashi za su iya ƙara wa mai kiyos jari in ta yarda ta sauke sigari daga tebur, don ba za a ce ta bar abin da ke ciyar da jikokinta a bar ta haka ba. Akwai kuma aikin da sam bai dace gwamnati ta biya ba, wato aikin sa mata ido. Ƙungiyar da za ta bi sawun kuɗin ta fito ta ce an tsakure, dole abincinta ya fito daga wani wuri. A nan tallafin Bloomberg da na Gates da namu na cikin gida suka fi amfani.

Abin da ya rage na siyasa ne, kuma yana da lokaci. A watan Nuwamba ministan kuɗi kan kai kasafi gaban majalisa. Nima tana da ɗan majalisa a Ayawaso ta Gabas, Mamobi a Ayawaso ta Arewa, Sabon Zango a Ablekuma ta Tsakiya, Madina tana da nata, 'yan'uwanmu na Kumasi suna da na Asawase. Dukkansu suna zuwa mana ɗaurin aure da addu'ar mamaci, suna zama a tabarma ɗaya da mu. Ɗan majalisa yana da ikon miƙa wa minista tambaya a zauren majalisa, a kuma amsa masa a bainar jama'a. Sarakunan zango da limamai da shugabannin matasa su sa ɗaya daga cikinsu ya tambaya: nawa Hukumar Tara Haraji ta karɓa a kan taba tun da dokar 2023 ta fara aiki, nawa kuma aka kashe a wannan tsakani wajen zagayen duba masu sayarwa, da wayar da kai, da jinyar masu son dainawa? Da waɗannan lambobi biyu za a fara tsara ƙudirin, kuma da su za a san ko kashi 2 za a nema ko kashi 5.